Mai Kunya, Ƙugiyar Kawuna

Har yanzu idan yara suka wuce ƙofar gidan da muke zaune a Batsari suna kaɗa gwangwani da tsakuwa a ciki, sai na ajiye abin da ke hannuna na nemi bango na jingina. Matan gidan sun ɗauka ƙarar babur ce kaɗai ke tsorata ni. Ita ma tana tsorata ni, amma wannan ciwon kowa a nan yana da shi, har an daina kallon mai shi. Na gwangwanin nawa ne ni kaɗai. Da can kuwa babu ƙarar da nake so a duniya kamarta.

Shekaruna ba su kai in zauna ina cewa "a zamaninmu" ba, don ban daɗe da ajiye kayan sakandare ba. Amma garinmu, wani ƙauye a gefen Runka, ya zama kufai, kuma tun da ya tashi nake jin kaina kamar tsohuwa. Ina tuna safiyarsa da sauti kafin in tuna ta da ido. Luguden mata daga gida uku ko huɗu yana haɗuwa ya zama kiɗa ɗaya, guga tana bugun bakin rijiya, shanun Jauro suna gangarowa tafki yana yi musu magana da Fillanci kamar mai lallashin 'ya'ya. Mu 'yan mata mu ɗebo ruwa, mu share tsakar gida, mu tafi kalar gyaɗa idan kaka ta yi, mu dawo bakinmu duk ƙasa muna rantsuwa ba mu ci ko ɗaya ba. Ba a rufe ƙofa da rana. Idan aka ji babur daga nesa, yara gudu suke yi su tarye shi, don ko dai baƙo ne ko wani ya dawo daga kasuwa da ƙosai. Yanzu idan aka ji shi, uwa hannun ɗanta take fara nema.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin firamare ne a Safana, yakan dawo gida ranar Juma'a da yamma ya koma Lahadi. Allah bai ba shi haihuwa ba, ni kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "Uwata". Inna kuma ta ce "Uwani". Duk Asabar da hantsi sai ya ɗauki sandarsa da zarensa da ya naɗe a jikin totuwa ya nufi tafkin bayan gari, ni ina biye da shi riƙe da ƙoƙon tana. Mutane suna yi masa dariya, babban malami da sandar fatsa kamar yaro, ga kuma 'ya mace a bayansa. Shi ba neman abin miya ke kai shi ba. Cewa yake mako guda yana ta ihu a kan 'ya'yan mutane, yana son wurin da ba a amsa masa "na'am, Malam". Yakan kafa sandar a laka, ya ɗaura gwangwanin madara da 'yan tsakuwoyi a kanta, ya kishingiɗa a gindin marke ya rufe fuska da hula. Idan kifi ya ja, gwangwani ya yi kira.

Ƙugiyarsa ba irin ta kowa ba ce. Wani direba abokinsa da ke zuwa Legas ya kawo masa irinta da dama a cikin kwalin ashana. Tamu ta kasuwa bakinta a tsaye yake yana kallon sama, tasa kuwa ta lanƙwashe kusan ta zagayo, tsininta ya juyo ciki yana kallon jikinta, kamar yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban manya. Shi ya sa ya raɗa mata Mai Kunya. Sarkin Ruwan garinmu, tsohon da ya yi furfura a kan tafkin nan, bai taɓa ganinta ya yi shiru ba.

"Malam, wagga ƙugiya taka jaki ya taka ta ne, ko maƙerin barci ya kwashe shi?"

"Tarbiyya gare ta, Sarki. Ba ta kutsawa cikin ɗakin mutum, a bakin ƙofa take tsayawa."

"To ni tawa ko sallama ba ta yi, kuma iyalina sun ci kihi jiya. Naka mi suka ci?"

"Kuka, da man shanun Jauro."

Jauro da ke shayar da shanunsa can gefe, wanda ko warin kifi ba ya so, sai ya ce su duka biyun a kai su asibiti, manyan mutane suna faɗa a kan abin da ko ƙafa ba shi da ita.

Da na yi wayo na gane Sarkin Ruwa ba ƙarya yake yi ba. Mai Kunya tana da nata aibin, kuma ba kaɗan ba. Karfasa mai ƙaramin baki sai ta tsattsage tanar tas ta bar maka ƙarfe fayau, ita ko a jikinta. Sa mata tana ma aiki ne, don tsinin ya juya ciki, sai ka bi da tanar a hankali, idan kuma ka cika ta ka rufe tsinin, ka yi aikin banza. Babban aibinta shi ne ba ta son mai hanzari. Duk mai fatsa a ƙasarmu tun yana yaro hannunsa ya saba, da kifi ya taɓa sai a fizga. Ita kuwa ka fizga ka yi asara, sulɓewa take yi daga bakin kifi kamar an shafa mata mai. Amma abin da Kawu yake so a jikinta shi ma gaskiya ne. Ta kasuwa idan ka ɗan yi sakaci tarwaɗa haɗiye ta take yi har ciki, kafin ka zaro ta ka yaga mata hanji, ƙarama ce ko babba ta riga ta mutu. Na sha ganin 'yan ƙananan da yara suka jefar suna yawo a kan ruwa ciki sama. Mai Kunya ko an haɗiye ta zamowa take yi ta fito, sai ta zo daidai gefen baki ta maƙale a nan. Ka murɗa ta kaɗan ta fita, babu jini, ka mayar da ƙaramin kifi ya je ya girma. Ba ta cika kama saiwa ba, ba ta kama zane, ba ta shiga yatsa. Kuma idan ta riƙe, ta riƙe ke nan.

Ranar da ya fara ba ni zare a hannuna ban manta ba. Ruwan ya yi luf, mazari suna sauka a kan ciyawa. Sai na ji wani abu ya ɗan taɓa, ya sake taɓawa, sannan zaren ya fara tafiya a tsakanin yatsuna. Na ƙwalla ihu na fizga da ƙarfina duka har na faɗi zaune a laka. Wata ƙatuwar tarwaɗa ta juya a saman ruwa, na ga farin cikinta, ta tafi abinta. Na fashe da kuka. Kawu ya ɗage hula daga fuskarsa ya dube ni, bai ko tashi zaune ba.

"Uwata, kin ba baƙo abinci, ya kai baki, kin ƙwace. Wa zai zauna?"

"Ai guduwa zai yi da ita!"

"Ki bar shi ya tafi da ita. Shi zai kama kansa. Ke naki kawai ki tsaya."

Na ɗauka magana ce ta kifi. Kuma a lokacin ta kifin ce, ba wani abu ba.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko labarin 'yan bindiga ne daga garuruwan bakin daji. Sai aka daina noma gonakin nesa. Sai aka kore shanun Jauro gaba ɗaya, ya zo ya zauna a bakin tafki da sandarsa a kan gwiwa, babu abin da zai kora, daga baya ya kwashe iyalinsa ba mu sake ganinsa ba. Mata suka daina lugude don kada ƙarar taɓarya ta hana a ji abin da ke zuwa. Sarkin Ruwa ya bi 'yarsa birni. Kawu ya daɗe bai je tafki ba, har wata Asabar a tsakiyar damina ya ce zaman ɗaka zai kashe shi kafin kowa ya kashe shi, zai je ya jiƙa zare ya dawo. Inna ta ce, "Yaya, don girman Allah." Ya ce rana tsaka ce, ga gari ana gani. Na ɗauki ƙoƙon tana na bi shi, kafin Inna ta fito daga madafa mun yi nisa.

Ya jefa zare, ya kafa sanda, ya ɗaura gwangwani ke nan muka ji su. Ba babur ɗaya ba ne, ba kuma tafiyar 'yan kasuwa ba ce. Kawu ya damƙi wuyan hijabina ya tura ni cikin ruwa, cikin doguwar ciyawar da ke gefe, har ruwan ya zo mini haɓa. Ya ce, "Ko me kika ji, kada ki motsa." Sannan ya hau tudu ya miƙe hanya yana nisa da ni, yana ɗaga murya yana yi musu sallama, don idonsu ya tsaya a kansa. Ina jin suna tambayarsa, ina jin ƙarar mari. Sandarsa tana nan kafe a laka kusa da kaina.

Sai gwangwani ya yi kira.

Ya kaɗa sau ɗaya, ya yi shiru, ya sake kaɗawa da ƙarfi. Na ji ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mene ne wancan?" Na miƙa hannu ta ƙarƙashin ruwa na lalubo zaren, na naɗe shi a yatsuna, na ja shi wajen sandar don ya yi sako-sako gwangwanin ya huta. Nauyin kifin duka ya dawo hannuna. Yana ja, zaren roba yana shiga namana. Ranar na roƙi Allah ya sa Sarkin Ruwa ne mai gaskiya, ƙugiyar nan ta zama ta banza, ta sulɓe, kifin ya tafi. Ba ta sulɓe ba. Abin da Kawu ya fi yabonta da shi shi ne ya kusa kashe ni. Ba ni da wuƙa, ba zan iya kai zaren baki ba tare da ciyawa ta motsa ba, idan kuma na saki gwangwani zai tona ni. Na tsaya. Kifi yana ja ina riƙe, sauro yana cin fuskata, ina jin Kawu yana ce musu iska ce, yara ke ɗaura gwangwani don korar tsuntsaye. Haka har baburan suka tashi da shi, ƙararsu ta yi nisa ta ɓace.

Ban san yadda na fito ba, ban san lokacin da na cire ƙugiyar daga bakin kifin ba. A gida Inna ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta same ta a tafin hannuna. Zare ya yanka ni har tabon yana nan, amma ita ko sukata ba ta yi ba. Kwalin ashanar yana aljihun Kawu, don haka ita kaɗai ta rage.

Abin da aka yi kafin a karɓo shi ba zan rubuta ba. Gona ta tafi a kuɗin fansa, gari ya watse, muka taho Batsari muka raɓe a ɗaki guda a gidan wata 'yar'uwar Inna. Geron da muka shuka wasu suka ci ko ya ruɓe a tsaye, ba mu sani ba. Da aka kawo Kawu sai da na dube shi sosai kafin na gane shi. Ɗaurin da suka yi masa ya kashe masa yatsu, ba sa rufuwa. A asibiti aka ce ba su ga wata cuta ba, abinci jikinsa yake so. Shi kuwa ba ya ci. Inna ta tuƙa ɗan abin da aka samu ta kai masa, ya taɓa loma ya juya fuska bango. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Gaisuwa kaɗai yake amsawa, ita ma da ka. Bai sake cewa "Uwata" ba. Kullum wuyansa ƙara tsawo yake yi a cikin riga, har na ji Inna tana gaya wa matar gidan a hankali cewa an dawo mata da yayanta ne don ta binne shi da hannunta.

Wata rana da la'asar ina shara na lura da hannunsa. Yana zaune a kan tabarma idonsa a rufe, babban yatsansa yana shafar manuniya a hankali, kamar mai sauraron zare. Na tsaya da tsintsiya ina kallo. A nan na yanke shawara, kuma ban gaya wa kowa ba, don na san abin da Inna za ta ce.

Akwai tafki a gefen gari inda mata ke wanki, daga bakinsa ana hango gidaje. Na haƙo tana a bakin rariya, na samo zare wurin mai gyaran takalmi, na naɗe a totuwa na cusa ƙarƙashin kayan wanki a cikin baho. Gwangwani dai ban iya ɗauka ba. Tun da na hango ruwan warin laka ya taso mini ya mayar da ni cikin ciyawar nan. Na tsuguna can ƙarshen layin mata, na sa tana da ƙyar, na jefa.

"Ke 'yar gudun hijira, wanki kika zo ko aljani kike kamawa?"

"Ku bar ta, miji take fatsa, an ce na ruwa ba sa saki."

Suka kwashe da dariya. Na ci gaba da kallon zarena. Can sai na ji an taɓa, zare ya fara tafiya, kuma daidai nan wani ɗan acaɓa ya ɓullo ta kan hanya da buhu a bayansa. Ban san na fizga ba sai da na ga ƙugiya ta faɗo kan zanena babu komai. Na dafe kaina na duƙe bayan baho. Dariyar ta tsaya. Wata dattijuwa da ban ko san sunanta ba ta jawo bahonta ta dawo kusa da ni, ta ci gaba da wankinta, sai da ta ga na lafa ta ce, "Ɗan gidan mai nama ne, 'yar nan. Na san ƙarar babur ɗinsa."

Na koma washegari na sake fizga. Na sake komawa. Dattijuwar ta mayar da wurin nan wurinta, duk babur ɗin da ya taso sai ta faɗa mini mai shi tun kafin ya bayyana, wani lokaci ina zargin ƙirƙira take yi. Har ranar da zare ya tafi, babur yana wucewa, na dafe gwiwar hannuna da ɗaya hannun na ce wa kaina naki kawai ki tsaya. Zaren ya miƙe, ya yi nauyi. Na jawo a hankali. 'Yar tarwaɗa ce, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba, ƙugiya a gefen bakinta daidai inda ya kamata.

Na yi niyyar kai wa Kawu kifi ya sha romo. Na riƙe ta tana motsi a hannuna, ina tunanin tukunyarmu. Amma na san idan na ajiye masa wannan 'yar a gabansa, abin da zan nuna masa shi ne har mu ma mun zama masu cinye ƙanana. Na murɗa ƙugiyar ta fita, na sa hannu cikin ruwa na buɗe.

"La'ilaha! A wannan tsadar?"

"Na ce muku yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce!"

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna tana tsaye a ƙofar ɗaki.

"Uwani, ruwa? Ruwa kika koma? Wanda ya cinye mini ɗaya bai isa ba? Kuma wai har Allah ya ba ki kifi kika mayar, mu da muke miya da gishiri da ruwa! Ke wace irin 'ya ce?"

Na sunkuyar da kai. Sai muka ji murya daga cikin ɗaki, a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"A ina ta kama shi?"

Inna ta tsaya, hannunta a sama. Na leƙa. Kawu ya juyo daga bango.

"A gefen baki, Kawu."

"Ya yi jini?"

"Ko ɗigo."

"Da kika sake shi, nutsewa ya yi ko ya taso?"

"Nutsewa ya yi. Har ya watsa mini ruwa."

Ya kalli tabon yatsuna. Ban taɓa gaya masa abin da ya faru a cikin ciyawar nan ba, amma ya ji gwangwanin ya yi kira ya kuma ji ya yi shiru, ya san ba iska ba ce.

"Ba ki fizga ba ke nan."

"Na fizga, Kawu. Sau da yawa. Yau ne ban fizga ba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya dubi Inna ya ce, "Ke kuma kin tsaya kina ta faɗa, tuwon nan na ɗazu kin ba kaji ne?" Inna ta juya da gudu har tana tuntuɓe da murhu, tana dariya tana share ido da bakin zane. Yatsunsa ba su iya yanka loma ba, ni na riƙa yanka masa ina sa masa a tafin hannu. Ya ci fiye da rabi. Ya ce miyar ba ta da daɗi. Da na ɗauke kwanon ya ce, "Uwata, Asabar za ki kai ni. Ke za ki ɗaura, ni zan kwanta. Ki nemo gwangwani."

Na ce to.

Na samo shi a bola bayan shagon mai shayi, na wanke, na tsinto tsakuwa a bakin hanya. Garinmu ba zai dawo yadda yake ba, na daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Ban san inda Jauro yake ba, ban san ko markenmu yana tsaye ba. Amma ƙugiya ɗaya ta rage, kuma na san yadda ake riƙe ta. Ɗazu da safe na tsaya a tsakiyar tsakar gida, nesa da kowane bango, na rufe ido na kaɗa gwangwanin da hannuna. Gumi ya karyo mini, amma ban nemi bango ba. Na sake kaɗawa.

Daga cikin ɗaki Kawu ya ce, "Tsakuwar ta yi yawa, Uwata. Rage biyu, za ki kori kifin mutane."